Daga Maruru Zuwa Dashen Ɓargo: Abin Da Muka Gani Da Ɗana

Ɗana na biyu bai cika wata huɗu ba wani kumburi ya fito masa a hammata, ɓangaren da aka yi masa allurar BCG. Wurin allurar ma ya ƙi bushewa, kullum yana tsatsar ruwa. Na nuna wa ma'aikaciyar jinya ranar awo, ta latsa ta ce yakan faru, zai baje da kansa. Kuma gaskiyarta, yara da dama kan yi irin wannan kaluluwar su warke ba a yi musu komai ba. Nasa dai bai baje ba. Ya nuna, ya fashe, ya yi ta zubar da mugunya har yaron ya fara rarrafe.

Daga nan ba mu ƙara samun sararawa ba. Maruru ya fito dab da dubura, sai da aka tsaga shi a asibiti. Kaluluwa a wuya, ƙuraje a gefen hanci da bayan kunne. A ba shi magani abin ya lafa, kwalba na ƙarewa wani ya ɓullo a wani wurin. Abin da ya riƙa ɗaure mini kai shi ne mura ba ta wahalar da shi fiye da yayansa. Ƙarambau ta zagaya gidanmu, ya yi ya warke lafiya ƙalau. Yaron da ya tsallake ƙarambau, me zai sa ɗan ƙurji ya kwantar da shi a gadon asibiti?

Surukata ta kawo shawarar a kira wanzami ya yi masa sakiya. Malam, maigidana, ya ce a'a, rubutu da tofi dai a yi, amma ƙarfe mai zafi ba zai taɓa jikin jariri ba. Cikin shekararsa ta biyu zazzaɓi da tari suka kama shi suka ƙi saki. Aka ɗauki hoton ƙirji, aka ce nimoniya ce, aka yi allurai. Da abin ya ƙi, aka sa shi kan maganin tarin tibi na wata shida. An gwada mu ƙanjamau mu uku, babu. An duba sikila, jininsa AA ne. Ya ɗan samu sauƙi, amma nauyinsa ya tsaya, sa'anninsa suka wuce shi. Ba na ganin laifin likitocin da suka bi wannan hanya. A ƙasarmu yaro mai tari da rama da kaluluwa, tibi ne abin da ya kamata a fara zato.

Wata likitar yara ce a asibitin koyarwa ta juya al'amarin. Ta karanta fayil ɗinsa tun daga shafin farko, abin da ban ga wani ya samu lokacin yi ba, sannan ta ɗauko farar takarda ta fara zane. Namiji ta yi masa akwati, mace ta yi mata da'ira. Ta zana ni da Malam da 'ya'yanmu, ta tambaya ko auren zumunci muka yi, na ce ko kusa, shi Bakatsine ne ni Bazazzagiya. Sai ta ce, "Malama, ku nawa ne wurin mahaifiyarku?" Na ce mata huɗu, namiji ɗaya. Ta ce, "Waɗanda suka rasu fa?"

Na san Inna ta yi wabi kafin a haife ni da kuma bayana, amma a gidanmu ba magana ce da ake yi ba. Nan gaban likita na kira ta a waya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Me ya tayar da wannan zance?" Da na yi mata bayani ta lissafa. Uku ne, dukansu maza, babu wanda ya kai shekara biyar. Ɗaya ƙuraje ne suka cinye shi, ɗaya cikinsa ne ya kumbura da zazzaɓi, na ukun tari. Ta ƙara da cewa ita ma mahaifiyarta maza ne ba sa tsaya mata. Likita tana ji tana ja wa akwatunan layi. Da ta juyo mini da takardar, ko ni da ban karanci likitanci ba na ga abin da ta gani: duk matan suna raye, mazan ne ake ɗauka, kuma ta tsatson mata abin yake gangarowa.

Gwajin farko da aka yi mai sauƙi ne, tun 1967 ake amfani da shi, sunansa NBT. Ana haɗa jini da wani rini mai ruwan ɗorawa a duba da madubin likita. Fararen ƙwayoyin jinin mai lafiya suna mayar da rinin shuɗi mai duhu. An ɗebi jinin yaron, da nawa, da na wani ma'aikacin ɗakin gwaji don a kwatanta. Na ma'aikacin ya yi shuɗi. Na ɗana ko ɗaya bai canza ba. Nawa kuwa rabi da rabi, wasu sun rine wasu sun ƙi. Daga baya aka tabbatar da wani gwajin da ya fi inganci, DHR, wanda inji ne ke ƙirga ƙwayoyin ɗaya bayan ɗaya. Wannan sai da aka aika da jinin wani wuri, kuma da gaggawa, domin irin waɗannan ƙwayoyin ba sa daɗewa da rai a cikin kwalba. Na farko da aka aika ma ya lalace a hanya, sai da aka sake ɗiba.

Sunan ciwon CGD (chronic granulomatous disease), wani raunin garkuwar jiki ne da ake gada. Ga yadda ta fahimtar da mu, ni da Malam, ranar da sakamako ya fito. A cikin fararen ƙwayoyin jini akwai wasu da ake kira nutrofil, su ne suka fi yawa, su ne kuma ke fara isa duk inda ƙwayar cuta ta shiga. Aikinsu su haɗiye ta, sannan su watsa mata wasu sinadarai masu ƙuna, ciki har da irin sinadarin da ke cikin bilic na wanki. Akwai wani ɗan inji a jikin ƙwayar da ke haɗa waɗannan sinadarai daga iskar oksijin, kuma sassa biyar ne suka haɗu suka yi shi. Idan sashi ɗaya ya samu matsala tun daga halitta, injin ba ya tashi. Ƙwayoyin ɗana suna nan da yawansu, shi ya sa duk gwajin jinin da aka yi a baya bai nuna komai ba. Suna zuwa, suna haɗiyewa, kashewar ce babu. Ta ce mu ɗauka 'yan sintiri ne suka kama ɓarawo amma ba mai ko sanda a cikinsu, sai su kewaye shi su yi ta kiran 'yan'uwansu, har taron nasu ya toshe lungu. Wannan taron shi ne ƙullutun da ke fitowa a wuya da huhu da hanta, wani lokaci ya toshe hanji ko mafitsara.

Ta kuma warware mini batun ƙarambau. Cututtuka irin su mura da ƙyanda da ƙarambau wani ɓangare ne na garkuwar jiki ke yaƙar su, kuma nasa lafiya lau yake. Abokan gabansa ƙalilan ne amma miyagu: ƙwayar da ke kawo maruru, da wasu da ke zaune a ƙasa da ruwa waɗanda ba sa yi wa mai lafiya komai, da tibi, sai kuma babbar cikinsu, fumfuna, musamman wadda ake kira Asfajilos da ke kama huhu. Allurar BCG kuwa ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Ga sauran yara kariya ce, ga irin su ɗana ita kanta cuta ce. Sauran alluran rigakafi na yara ta ce a ci gaba da yi masa, ba su da matsala.

Sai maganar da ta fi nauyi. Babban sashin injin nan, umarnin ƙera shi yana rubuce a kan ƙwayar gado mai suna CYBB, wadda ke kan kuromozom X, ɗaya daga cikin ƙunshin da ke ɗauke da ƙwayoyin gadon mutum. Mace tana da X biyu, namiji ɗaya ne gare shi, daga uwarsa. Idan ɗaya daga cikin na mace ya lalace, ɗayan na rufa mata asiri, shi ya sa jinina ya fito rabi da rabi. Namiji kuwa in ya ɗauki lalataccen ba shi da madadi. Kowane ciki na ɗa namiji da zan yi, ko dai ya ɗauka ko ya tsira, daidai wa daida. Babban ɗana ya tsira, haka yayana namiji ya tsira a wurin Inna. Kowace 'ya mace kuma, rabi ne yiwuwar ta zama mai ɗauke da shi irina. Har gyambon bakin da ke yawan damuna da ƙurajen da rana ke fito mini da su a fuska, ta ce ana ganin su ga mata masu ɗauke da shi.

Jikina ya yi sanyi, domin na san yadda za a fassara wannan a gidan miji. Likitar ma ta sani. Ta dubi Malam ta ce, "Malam, ka ji da kyau. Ba ita ta zaɓa ba, ba kuma wani abu ta ci ko ta sha ba. Wannan nau'in ta wajen uwa yake zuwa, kuma a Amurka da Turai shi ne kusan kashi biyu cikin uku. Sauran kuma sai uwa da uba duk sun bayar, kamar sikila, kuma a ƙasashen da ake yawan auren zumunci irin su Iran da Turkiyya da Masar wannan ne ya fi yawa." Malam ya ce ya ji. A mota ya ce mini a gida za mu ce ciwon gado ne na jini, iyakar abin da kowa ke buƙatar sani ke nan. Surukata ba yarinya ba ce, daga baya ta gano, ta kuma faɗi abin da ta faɗa. Ba zan maimaita shi a nan ba.

A Amurka ana ƙiyasta yaro ɗaya cikin haihuwa 200,000 zuwa 250,000 ke zuwa da wannan ciwo. Likitocin Minnesota da suka yi bayaninsa a shekarun 1950 sun sa kalmar "mai kisa" a cikin sunansa, don a lokacin da wuya yaro ya kai shekara goma. Ni dai ina da yaƙinin a wajenmu ƙarancin gwaji ne ya sa ake ganin kamar babu shi. Takardar jinotayif da ake nema kafin aure ba ta nuna shi, yaran kuma ana binne su da sunan tibi ko shawara ko wabi.

Maganin da aka ɗora shi a kai ba wani baƙon abu ba ne. Septrin kullum, wanda kowane kemis na da shi, da maganin fumfuna mai suna itrakonazol, shi ma kullum, ko yana lafiya ko ba ya lafiya. Ana auna su da nauyinsa, ana duba hantarsa da jininsa lokaci zuwa lokaci. Akwai magani na uku, allurar intaferon gama, da ake yi sau uku a mako a ƙarƙashin fata. Wani bincike da aka buga a 1991 ya nuna tana rage munanan cututtuka da kusan kashi 70 cikin ɗari, amma tsadarta ta fi ƙarfinmu, samunta ma aiki ne, kuma likitarmu ta ce ba duk likitoci ke ba da ita ba. Muka tsaya kan biyun.

Shan magani bai ba mu wuya kamar gyaran gida ba. Fumfuna tana zaune ne a cikin duk abin da ya bushe ya ruɓe: harawa, dusa, ƙaiƙayi, tarin ganye, taki, kashin kaji, tsohon rumbu, ƙurar ginin da ake rushewa. To wane gidan Bahaushe ne babu waɗannan? Muna da tumaki a bayan gida da ɗakin harawa, surukata na da kajinta. Likita ta ce yaro irinsa in ya shaƙi ƙurar ruɓaɓɓen ciyayi da yawa lokaci guda, cikin 'yan kwanaki huhunsa na iya cika, kuma ana mutuwa a haka. Tumaki suka koma gidan ƙanin Malam. Kaji sai da aka kai ruwa rana. Ragon layya ya zama sai ana jajibiri ake kawo shi, a ɗaure shi a waje. Shara sai an yayyafa ruwa, kuma ba ya wurin. Zuwa ƙauye lokacin kaka, ana sussuka da shiƙa, muka daina kai shi. Ba wanka a kududdufi ko rafi, ba wasa a jiƙaƙƙen yashin gini. Kowane ɗan ƙwarzane a wanke da sabulu a sa magani. Kaciya ma aka ce a asibiti kawai, da magani kafin da bayan. Zazzaɓi kuwa doka ce: ba a cewa maleriya ce a sayo magani a kemis, asibiti za a nufa a ranar. Hana ɗan shekara uku wasan ƙasa alhali yana kallon yayansa na yi, wannan sai wanda ya gwada.

Mun samu kusan shekara biyu na kwanciyar hankali. Ya yi ƙiba, ya shiga makarantar rainon yara. Sai zazzaɓi ya dawo da ciwo a gefen cikinsa na dama, hoto ya nuna ƙurji a hanta. Irin wannan ƙurjin a masu CGD ba ruwa-ruwa yake ba, mugunyar na da kauri kuma a rarrabe take ɗaki-ɗaki, allura ba ta iya zuƙo ta. Aka yi ta ba shi magani ta jijiya makonni, aka haɗa da sitiroyid, abin da ya ba ni mamaki don na san yana rage garkuwa. Likita ta ce a wannan ciwon kumburin kansa rabin matsalar ne, sai an kwantar da shi magani ke ratsawa. Cikin ikon Allah ya tashi ba a yi masa tiyata ba. A nan ne ta zaunar da mu kan zancen dashen ɓargo.

Ba ta ɓoye mana komai ba. Da magani kullum, da yawa suna girma har su yi aure. Amma waɗanda injin nasu ke ɗan motsi ko yaya sun fi daɗewa, na ɗana kuwa gwaji ya nuna ba ya motsi sam. Dashe shi ne maganin da ke raba mutum da ciwon, domin duk ƙwayoyin jini a ɓargo ake ƙera su, in aka canza ɓargo an canza su. Wani babban nazari na Turai da aka buga a 2020 ya bi mutum 712 da aka yi wa dashe saboda CGD, kusan 86 cikin ɗari suna raye bayan shekara uku, kuma sakamakon ya fi kyau ga yara da waɗanda suka samu ɓargon ɗan'uwa da ya dace. Malam ya ce, "Sauran sha huɗun fa, Likita?" Ta ce wasu dashen ne ya kashe su. Ta ƙara da cewa magungunan da ake bayarwa kafin dashe na iya hana shi haihuwa. Akwai kuma gyaran ƙwayar gadon kanta da ake gwadawa a Amurka da Turai, amma har yanzu gwaji ne, ba abin da za mu jira ba.

Mun yi istihara, mun tambayi malamin da muka amince da shi, ya ce abin da jiki ke mayar da gurbinsa irin jini ba laifi a bayar. Aka aika da jinin yaran don a ga wanda ɓargonsa ya dace. Tsakanin 'yan uwa ɗaya uba ɗaya, yiwuwar dacewa ɗaya ce cikin huɗu. Ƙanwarsa ba ta dace ba, gwajin ya kuma nuna tana ɗauke da ciwon irina. Yayansa, ɗan farina, ya dace cif.

A Najeriya an fara dashen ɓargo tun 2011 a asibitin koyarwa na Jami'ar Benin, kan mai sikila. Likitarmu ta ba da shawarar mu je inda suka saba da masu raunin garkuwa, ta haɗa mu da wani asibiti a Indiya. Kuɗi kam ba a magana. Gonar da na gada ta tafi, filin Malam ya tafi, abokan aikina da 'yan masallacin unguwa suka yi karo-karo, kuma tsakanin ranar da aka aiko mana da lissafi da ranar da muka biya, dala ta tashi ta cinye wani kaso. Biza da katin rigakafin cutar shawara da sauran takardu Malam ya ji da su.

Da muka isa ba a taɓa shi ba sai da aka sake duba komai: huhu, hanta, ƙoda, zuciya, har haƙora, don ba a shiga dashe da cuta a ɓoye. Aka sa masa wata roba a ƙirji da ke shiga babbar jijiya, ta nan ake ɗibar jini ake ba da magani, ya huta da sukar allura. Sannan aka shigar da mu ɗaki ni da shi kaɗai, iskar ɗakin ma tacewa ake yi. Duk mai shigowa sai ya wanke hannu ya rufe baki. Kusan mako guda ana ba shi magunguna masu ƙarfi, busulfan da fuludarabin da wani da ke kwantar da garkuwarsa don kada ta kori baƙon ɓargo. Likitocin sun ce sun rage ƙarfin haɗin idan aka kwatanta da na masu sankarar jini, tunda shi ba wata muguwar ƙwaya ake son ƙonewa ba, wuri kawai ake buɗewa.

Ranar dashen suna kiranta ranar sifili, daga ita ake fara ƙirga. Da safe aka shiga da babban ɗana ɗakin tiyata, aka sa shi barci, aka zuƙo ɓargo da allura daga ƙashin ƙugunsa ta baya. Malam na can tare da shi, ni ina nan tare da ƙaramin, ban iya zuwa ko'ina ba. Wannan safiyar ta fi kowace wahala a wurina, domin lafiyayyen ɗa na miƙa aka kwantar. Dashen kansa kuwa ba abin kallo ba ne. Leda ce aka rataya mai kama da ta ƙarin jini, ta yi ta ɗiga cikin robar ƙirjinsa yana kallon katun a waya. Ƙwayoyin da kansu suke nemo hanyarsu zuwa cikin ƙashi. Babban ya yi 'yan kwanaki yana ɗingishi, aka ba shi maganin ƙarin jini, ya koma cin abincinsa yana ba kowa labari.

Makonnin da suka biyo baya su ne haɗarin. Tsohon ɓargo ya mutu, sabo bai fara aiki ba, yaro ba shi da garkuwa ko kaɗan. Bakinsa da maƙogwaronsa suka yi gyambo har yawu ya gagara haɗiya, aka koma ciyar da shi ta roba. Gashinsa ya zube. Zazzaɓi ya zo, aka yi ta ƙara masa jini. Kowace asuba za a ɗebi jini, kafin azahar a rubuta adadin nutrofil a allon bakin gado, ni kuma na zama ba abin da nake jira a duniya sai wannan lambar. Sifili, sifili, sifili. Abin da ake nema ta kai 500 ta tsaya kwana uku a jere. Cikin mako na uku ta fara motsi, ta hau, ta tsaya. Aka yi gwajin da ke nuna kashi nawa na jininsa na yayansa ne, ya fito kusan duka. Aka maimaita DHR, wannan karon takardar ta yi daidai da ta mai lafiya.

Ba a sallame mu zuwa gida ba, sai zuwa wani ɗakin haya kusa da asibiti, domin sai an cika kwana ɗari ana sa ido. Abin tsoro a wannan lokaci shi ne sabuwar garkuwar ta ɗauki jikin yaron a matsayin baƙo ta far masa. Don haka yake shan saiklosforin, ana auna yawansa a jini. Duk da haka ƙuraje ja sun fito masa a tafin hannu da bayan wuya, aka ƙara sitiroyid suka kwanta, fuskarsa ta kumbura, gashi ya fito masa har a goshi. Abinci sai dafaffe da zafinsa, ba ɗanyen ganye, ba na kwana. Na samu shinkafa da kuɓewa a kasuwarsu na riƙa tuƙa tuwo. A benen akwai wata baiwar Allah daga Maraɗi da ta kawo 'yarta dashen sikila, muka riƙa karɓar wa juna cefane. 'Yarta ba ta fita daga wata na biyu ba, Allah Ya jiƙanta.

Bayan mun dawo, likitarmu ta ci gaba da bibiya tana aika wa na Indiya sakamako. A hankali aka janye saiklosforin cikin shekarar farko, daga baya aka tsayar da itrakonazol da Septrin. Alluran rigakafi aka sake su daga farko, tunda abin da tsohuwar garkuwar ta sani ya tafi da ita, masu rai irin ta ƙyanda kuma sai bayan shekara biyu. Yanzu yana firamare, gajere ne a ajinsu, tabon hammata da na wuya suna nan. Batun haihuwa sai ya balaga za a duba. An kuma gaya mana dashen jininsa kawai ya canza, abin da zai gadar bai canza ba: in Allah Ya ba shi 'ya'ya, mazan ba za su ɗauka ba, matan kuwa dukansu za su zama masu ɗauke da shi.

Likita ta ba ni wasiƙa in kai wa 'yan'uwana mata uku su je gwaji. Biyu sun je. Ɗaya ba ta da shi. Ɗayar tana da shi, kuma da ta haifi namiji bara an dakatar da BCG har aka gwada jaririn, ya fito lafiya, sannan aka yi masa. Ta ukun, autarmu, aurenta bai daɗe ba, ta ce in takardar ta nuna tana da shi ba ta san yadda za ta faɗa wa mijinta ba, in kuma ta ɓoye ta ci amana, gara kada ta sani. Inna ta yi mata magana, ni ma na yi, Malam ya ce a shirye yake ya zauna da mijin in ta yarda. Har yanzu ba ta yarda ba, kuma cikinta ya shiga wata na shida.